Murfin da Ba Wanda Ya Taɓa Nema

A masana'antar Ntiamoah da ke Suwame, cikin Kumasi, inda ake ƙera injinan gurzar rogo, abu biyu aka sani game da dattijon da ake kira Opanin Twumasi: ba ya cin abinci a kan teburin aikinsa, kuma shi ne ya ƙirƙiro murfin bel. Na farkon kowa ya gani da idonsa. Na biyun shi yake tuna wa mutane.

Aikinsa zana ƙarafa ne kafin a yanka su. Tun zamanin tsohon mai gida, marigayi Ntiamoah, yake wannan sana'a, kuma yawancin abin da ya zana a rayuwarsa tunanin wasu ne. Tsoho zai sayo mataccen inji na ƙasar waje, a warware shi a tsakar gida, Twumasi ya auna kowane gutsure ya sa a takarda, bayan 'yan watanni injin ya sake fitowa duniya da sunan Ntiamoah a goshinsa. Twumasi bai taɓa ganin aibun wannan ba. Amma a cikin dukan ƙarafan da suka bi ta hannunsa, guda ɗaya ne tak ya fito daga kansa, kuma yana da dalili.

Dalilin ita ce yayarsa Oforiwaa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana da rumfar gurzar rogo a wani ƙauye a kan hanyar Mampong, inda matan da suke soya garin rogo suke kawo rogonsu. Wata rana bel ɗin injin ya kama bakin zaninta, ta kai hannu za ta fizge, bel ya ɗauki hannun ya kai shi cikin fuli, wato faifan ƙarfen da bel yake juyawa a kansa. Ta fito asibiti da yatsu uku a hannun hagu. Twumasi yana saurayi a lokacin. Ya dawo Kumasi ya zana wani keji na ragar ƙarfe mai kauri wanda zai rufe bel da fuli gaba ɗaya, ya zagaye shi da kusoshi masu noti, don kada wani ya iya cire shi sai da sifana da haƙuri mai yawa. Tsoho Ntiamoah ya dubi zanen, ya dubi idon yaron, ya ce a yi. Tun daga ranar, duk injin da ya fita daga masana'antar da murfinsa yake fita, an shafa masa fenti rawaya. Injin Oforiwaa ne ya fara samu.

Da tsoho ya rasu, masana'antar ta koma hannun 'yar ƙanwarsa, Madam Gyamfuaa, kamar yadda gado yake tafiya a al'adar mutanen nan, ta ɓangaren uwa. Ta yi karatun injiniya, ba ta da yawan magana, kuma tana kiran Twumasi Kawu saboda a gabansa ta koyi tafiya. Ita ce ta kawo kundin kayan gyara na kwamfuta.

Kafin zuwansa, mai neman kayan gyara hanya biyu gare shi. Ko ya naɗe karyayyen ƙarfen a tsumma ya ba direban motar haya ya kawo, wani lokacin ya iso, wani lokacin ya wuce Akra. Ko kuma ya buga waya ga Bonsu, mai kula da sito, ya ce, "Abin nan nake so, wanda yake juyawa a bayan wancan." Bonsu, wanda sa'an Twumasi ne kuma abokin tsokanarsa, sai ya aika abu uku, ya ce a mayar da biyu. Ba a cika mayarwa ba.

Mutane sun zata Twumasi zai ƙi sabon abin, don an saba tsofaffi su ƙi. Sai ga shi ya fi kowa sonsa. A fuskar waya inji yakan bayyana a warware, kowane ƙarfe yana shawagi a ɗan nesa da maƙwabcinsa, a kan layin da zai bi ya koma mazauninsa, kowanne da lambarsa. Mai inji a Ejura ko Atebubu zai ɗauki hoton injinsa da na lambar da aka buga a jikinsa, kundin ya buɗe masa ainihin irin nasa, ya taɓa abin da ya lalace da yatsa, shi ke nan. Twumasi ya ce ai haka yake ganin inji a kansa tun yana yaro, sai yanzu duniya ta iso. Shi ya sake zana komai aka ɗora. Shi ya koya wa Bonsu cewa kowane ƙarfe a kundin yana cikin hali ɗaya daga uku: ko yana aiki, ko an maye gurbinsa, ko an daina shi.

"Kamar mu," in ji Bonsu.

"Kai ai naka an daina ne, ba a dai rubuta ba."

Abin da Twumasi bai sa a lissafi ba shi ne, kundin yana tuna abin da mutane suka nema. Bayan an shekara da ɗoriya ana amfani da shi, Madam ta kira su biyun ofis wata safiyar Litinin, ta juyo musu fuskar kwamfuta. An jera kayan gyara daga wanda aka fi nema zuwa wanda aka fi mantawa. Boris ɗin inji ne a sama, sai bel, sai farantin gurza. Ta yi ta saukowa har ƙasa, inda murfin bel yake zaune shi kaɗai, ba wanda ya taɓa nemansa.

Twumasi ya gyara zama, ya yi ƙoƙarin kada murmushinsa ya yi yawa.

"To ai ba ya karyewa," ya ce.

"Gaskiya ne," in ji Bonsu. "Tun da na fara aiki a sito ban taɓa sayar da ko ɗaya ba. Waɗanda muka ajiye tun zamanin tsoho suna nan. Har ɓeraye sun yi jikoki a ciki, ba su taɓa kawo ƙara ba."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawu, ina so ka ga wani abu, kuma ina so ka gan shi a zaune."

Ta buɗe hotunan da masu injina suke turowa. Rumfuna ne na kwano da na ganye, bawon rogo a ƙasa, ƙafafun mutane a gefe. Ga injin, ga lambarsa, ga bel tsirara yana sheƙi. Ta wuce na gaba, haka. Na gaba, haka. Twumasi yana neman rawaya a kowane hoto kamar mai neman ɗansa a cikin taro. A ƙarshe ya same ta, a can bayan wani inji, a kan murhun gawayi, an jera ayaba a kanta ana gasawa.

Bonsu ya leƙa, ya ce, "Kai, Injiniya, ashe tanda ka ƙirƙiro. Da ka faɗa mana tun tuni da mun sa ta a kundin masu abinci."

"Kawu," in ji Madam, "ƙarfe ya yi tsada. Murfin nan shi ne mafi nauyi a jikin injin bayan gangar gurza. Muna walda shi, muna masa fenti, muna biya a ɗauke shi har ƙauye, su kuma su kwance shi ranar da ya isa. Ina so in sa masa an daina, a ƙarshen wata mu bar ɗaura shi. Ban so ka gani a kwamfuta kafin ka ji daga bakina ba."

Twumasi ya sake duban hoton murhun. Sannan ya ce waɗanda suke turo hoto ba su ne duniya duka ba. Akwai masu hankali da ba su taɓa buɗe kundin ba. Yayarsa, alal misali, ba ta bukatar kundi tunda tana da ƙane, kuma duk lokacin da ya je wurinta murfin yana nan daram, har goge shi take yi. Zai kawo hoto.

"Kawo," in ji Madam. "Ƙarshen wata dai."

Al'adarsa ce idan zai je ƙauye ya buga wa Oforiwaa waya tun da kwana biyu, don ta daka masa sakwara da miyar kwakwar manja yadda yake so. Amma a wannan Asabar ɗin akwai jana'izar wani tsohon mai walda a garin da yake maƙwabtaka da ƙauyen Oforiwaa, kuma duk mutanen masana'anta za su je. Twumasi ya yafa baƙin mayafinsa, ya bi layi ya gaisa da iyalan mamaci daga dama zuwa hagu, ya ba da gudummawarsa aka sanar da ita a lasifika, ya zauna gwargwadon yadda ba za a ce bai zauna ba. Sannan ya zame ya hau babur. Bai buga waya ba, don bai ga dalili ba. Hoto kawai zai ɗauka.

Tun daga bakin hanya ya ji ƙarar injin. Mata suna zaune a inuwa da kwanukan fereren rogo, Oforiwaa tana tsaye tana tura rogo cikin bakin inji da guntun katako, ta tsufa amma bayanta bai sunkuya ba. Bel yana gudu a gefenta, babu komai tsakaninsa da zaninta sai iska. Murfin kuwa bai yi nisa ba. Yana jingine a bakin akurkin kaji, an ɗaure shi da igiya, shi ne ƙofa.

Ta ɗago ta gan shi. Ta dubi baƙin mayafin, ta dubi akurkin, ta sake dubansa. Ta gama gurza abin da yake cikin injin, ta kashe shi, ta goge hannu.

"Wayarka ce ta mutu kake mata makoki?"

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Mutum ya zo gidan mutane kamar ɗan sanda. Ba sakwara yau, ka ja wa kanka."

Aka kawo masa kujera da ruwa, ta tambaye shi abin da ya kawo shi kamar yadda ake tambayar kowane baƙo, ko da ɗan gida ne. Ya ce ya zo ɗaukar hoton murfi.

"Ga shi can. Ka ɗauka da kajin, sun fi kyau da safe amma ba laifi."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Yaya."

Ta zauna a kan turmi da aka kife. "Tun satin da ka kawo shi. In ka ce za ka zo, mu kwance shi daga akurki, mu wanke, mu ɗaura. Safiya guda yake ci mana, notikan nan naka kamar an biya ka a kan kowanne. Kajin kuma su kwana a ɗakina. In ka tafi mu mayar."

Matan da suke jira sun yi kamar ba sa ji, wato suna ji sosai.

"Kullum ina tambayarki," in ji shi.

"Kullum kana cewa, yana nan? Ni kuma in ce yana nan. Na taɓa yi maka ƙarya?"

Ta ɗan sassauta murya. "Kai ka fi ni kuka a asibiti, har malamar jinya ta zata kai aka yanke wa. Ka tafi ka yi wata guda ba ka cin abinci, ka dawo da wannan abin a ka. To in ce maka me? In ce mayar? Na ga ya fi sauƙi kaji su riƙa kwana da ni sau biyu a shekara."

Wata mata ta tura kwanonta gaba, alamar cewa zumunci zumunci ne amma rana tana yi. Oforiwaa ta miƙe. A nan Twumasi ya ga abin da bai taɓa gani ba a duk shekarun da ya yi yana zana injin nan, domin ranakun da yake zuwa ba a aiki, ranakun baƙo ne.

Ta zame bel ɗin daga fuli ya faɗi sako-sako. Wani ƙato daga cikin masu matsar rogo ya zo ya kama hannun injin dizal ya yi ta murɗawa har ya tashi. Sai da ya daidaita gudunsa, Oforiwaa ta ɗauki wani guntun taɓarya da ya yi santsi don amfani, ta ɗaga bel da shi, ta tura shi kan fulin yana cikin juyawa. Bel ya yi tsalle ya hau, ganga ta fara gurza. Hannunta na hagu yana nan kusa, da yatsunsa uku.

Ba sai an yi masa bayani ba. Injin da ake tayarwa da ƙarfin mutum ba ya tashi da nauyin ganga a wuyansa. Dole a sauke bel, a tayar, a mayar. Kuma mai yana da tsada, don haka da zarar an gama da mace ɗaya, in ta gaba ba ta gama fere ba, sai a kashe. A wuni ɗaya za a yi haka ba adadi. Shi kuwa a masana'anta ya gwada murfinsa, inda injin lantarki ne, a danna maɓalli ya tashi da komai nasa. Ya yi abin da zai hana hannu zuwa kusa da bel, a sana'ar da ba ta yiwuwa sai hannu ya je kusa da bel.

Ya zauna har la'asar yana kallo, mayafinsa ya yi fari da feshin rogo. Ya lura da inda take tsayawa, da wane hannu take ɗaukar sanda, da inda take ajiye ta, da yadda zaninta yake kaɗawa idan ta juya karɓar kwano. Ya lura cewa sa bel ɗin ɗan lokaci ne ƙalilan, kuma a lokacin hankalinta duka yana kansa. Sauran wunin ne, tana hira, tana ciniki, tana tsawata wa awaki, bel yake gudu a bayanta ba mai kallonsa. A irin wannan lokacin ya kama ta tun farko.

Da zai tafi ta cika masa leda da gari. Ta ce, "Ba ka ɗauki hoton ba."

"Na gani ai."

"Kada ka je ka ƙi cin abinci. Ka tsufa da wannan."

Ranar Litinin ya riga Madam zuwa ofis. Da ta shigo ya ce ba shi da hoto, kuma abin da ta ce gaskiya ne, murfin ba ya kan injin kowa, har da na gidansu. Amma yana roƙon kada ta sa masa an daina.

"Kawu, mun gama wannan maganar."

"Ba mu gama ba. Ke kika kawo kundin, amma ni na cika shi. In kin sa wa abu an daina, mai nema zai taɓa wurin ya tarar babu komai, an gaya masa ke nan injin ba ya bukatarsa. In kin sa an maye gurbinsa, zai taɓa tsohon, kundin ya kai shi ga sabon. Tsohon ya tafi, ban ce a bar shi ba, ni da hannuna zan sa masa. Amma wurin ba zai zama fanko ba. Bel ɗin yana nan, bai san mun yi taro ba."

"Ina sabon?"

"Ki ba ni sati."

Ta yi tunani. Ta ce sai ya zama bai kai rabin nauyin tsohon ba, kuma in aka shekara ba ta gan shi a hoton kowa ba, ba za ta sake kiran kowa ofis ba, za ta danna an daina kawai. Ya ce ya yarda.

Abin da ya zana bai yi kama da aikin mutumin da ya ƙirƙiro kejin farko ba. Raga ce marar nauyi, tana buɗewa gefe kamar taga, ba noti ko ɗaya, sai 'yar sakata da za a ture da gefen hannu. Ya ɗaure yatsunsa biyu na hagu da tsumma ya yi ta buɗewa da rufewa a tsakar masana'anta, masu walda suna kallonsa suna gaisawa da ido. Ya sa aka aro tsohon injin dizal don gwaji, shi da Bonsu suka murɗa shi har Bonsu ya ce a sa gadon bayansa a kundi, a ga ko akwai wanda ya maye gurbinsa.

"Wannan sakatar taka kuwa," in ji Bonsu yana haki, "wata uku ba za ta yi ba. Kai da kake alfahari kayanka ba sa karyewa."

"Ka dai tanadi da yawa a sito."

Aka ba sabon murfin lambarsa, sakatar ma aka ba ta tata. Twumasi da kansa ya buɗe shafin tsohon, ya sa masa an maye gurbinsa, ya haɗa shi da sabon. Aikin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Ya ɗan zauna yana kallon hoton kejin, da duk notikansa suna shawagi a jere kowanne a kan layinsa. Zane ne mai kyau, har yanzu bai ga kuskuren awo ko ɗaya a cikinsa ba.

Daga nan sai jira. Injina suka fita da sabon murfi, damina ta wuce. Kowace safiya kafin ya taɓa komai yakan buɗe jerin nan ya sauka ƙasa, ya tarar da sabuwar lambar tana zaune inda tsohuwar ta zauna. Ya kai wa Oforiwaa ɗaya, ta ce yana da kyau, amma ya riga ya san darajar wannan shaida.

Wata safiya Bonsu ya leƙo da wayarsa a hannu, fuskarsa a ɗaure kamar mai kawo saƙon mutuwa.

"Injiniya, an zage ka daga Atebubu."

Wata mai rumfa ce ta nemi sakata. Ta haɗa da saƙon murya, tana cewa wanda ya yi wannan sakatar bai san aikinsa ba, abu kamar na akwatin amarya, ana buɗe shi ana rufewa wuni guda ya za a yi ya daɗe, su ji tsoron Allah su riƙa yin abu mai ƙwari. Ga hoton injin a ƙasa. Murfin yana jikinsa, fentin ya goge daidai inda hannu yake kamawa, an ɗaure shi a rufe da tsumma kafin sakata ta iso.

Twumasi ya sa aka sake kunna masa saƙon. Ya ƙara girman hoton ya daɗe yana kallon tsumman. Sannan ya ce Bonsu ya tura wa Madam, kuma a aika wa matar sakata biyu.

Bayan 'yan makonni Oforiwaa ta bugo, ta ce tata ma ta karye, in zai zo ya riƙo mata.

"Yaya, ki sa a nema miki ta kundi."

"Ina da ƙane a masana'antar zan bi layi?"

"In na kawo miki a aljihu ba za a san an nema ba. Ki ɗauki hoton injin ki turo."

"Wato so kake ka gani ko yana nan."

"Na ce ki turo dai."

Ta ce ya zama ɗan sanda da gaske, kuma kada ya sake ya aiko a karɓi tsohon, don kaji sun saba da shi. Ya ce ba mai nemansa. Da ya ajiye wayar ya jawo zanen sakatar, ya ƙara mata kauri kaɗan, ya duba, ya rage rabin abin da ya ƙara. Sannan ya tashi daga teburin ya je cin abinci.